Yadda ake cire baƙin rinin bututun bindiga ba tare da an ci ƙarfen ba

Tambaya: Ina da bindigar farauta mai lasisi wadda na gada daga mahaifina. Baƙin launin bututunta ya koɗe a wuraren da hannu ke yawan riƙewa, tsatsa kuma ta fara fitowa ɗigo-ɗigo. Ina so in cire tsohon launin gaba ɗaya in sake mata sabo. Wasu sun ce in jiƙa bututun a asid, wasu kuma sun ce samfefa kawai zan sa masa. Wace hanya ce ta fi dacewa, kuma me ya kamata in kiyaye?

Amsa: Malam, na ji daɗi da ka tsaya ka yi tambaya kafin ka ɗora hannu a kan wannan bututu, domin yawancin waɗanda ake kawo mini an riga an yi musu ɓarna kafin a nemi shawara. Cire baƙin rinin nan shi ne mafi sauƙi a cikin aikin duka, kuma farin ruwan khal ya isa ya yi shi cikin sa'a ɗaya ko biyu. Abin da ke da wuya shi ne a cire launin a bar ƙarfen yadda aka ƙera shi, da rubutunsa da kusurwoyinsa da kaurinsa. Launi idan ya tafi ana iya mayar da shi sau goma, amma ƙarfen da samfefa ko asid ya ci ya tafi ke nan, babu maƙerin da zai dawo da shi. Duk abin da zan faɗa maka a ƙasa a kan wannan ya rataya.

Sai ka fara sanin abin da kake son cirewa. Wannan baƙin launi mai ɗan shuɗi-shuɗi, wanda masu sana'ar ke kira buluyin, ba fenti ba ne da aka shafa a kan ƙarfen. Fuskar ƙarfen ce da kanta aka juya ta da gangan ta zama wata irin tsatsa. Tsatsa iri biyu ce a wannan magana: akwai jar tsatsa wadda kowa ya sani, mai kumbura tana ɓarewa tana ci gaba da cin abin da ke ƙarƙashinta, akwai kuma baƙar tsatsa da ake kira maginatayit, wadda ke manne da ƙarfen ta tsaya inda aka tsayar da ita. Baƙar ita ce rinin bindiga. Kaurinta bai wuce maikiron 1 zuwa 2 da rabi ba, alhali silin gashin mutum ɗaya yakan kai kusan maikiron 70, don haka ka ga cewa abin da ke kan bututunka ya fi fatar albasa rashin kauri nesa ba kusa ba. Daga nan za ka fahimci abubuwa biyu. Duk maganin da ke cire jar tsatsa zai cire wannan rini, domin 'yan gida ɗaya ne. Kuma shi ya sa gumin hannu ya koɗar da naka a wurin riƙo, shi ya sa kuma jinin dabba idan ya kwana a kan bututu yakan bar tabo fari. Rinin shi kaɗai ba ya ba da kariya mai ƙarfi, amfaninsa shi ne yana riƙe mai a jikinsa, man kuma shi ke hana danshi isa ga ƙarfen.

Kafin mu shiga yadda ake cirewa, ina da magana a kan ko ya kamata a cire ɗin, tunda ka ce gado ce. Idan bindigar tsohuwa ce ta wani sanannen kamfani, masu tara irin waɗannan kaya sun fi daraja ta da asalin launinta ko da ya koɗe, kuma sake mata rini yakan rage mata ƙima sosai. Ko da ba ka da niyyar sayarwa, wannan koɗewar ta wurin riƙo sawun hannun mahaifinka ce, kuma na sha ganin waɗanda suka goge irinta suka dawo suna da-na-sani. Ɗigon tsatsa kuwa yana da magani wanda bai kai ga tuɓe bututun duka ba. Ka jiƙa wurin da man bindiga ya kwana, sannan ka goga a hankali da soson ƙarfe mafi laushi, wanda ake rubuta wa lamba 0000, yana jiƙe da mai. Inda tsatsar ta yi tudu, ka kankare ta da gefen wani guntun jan ƙarfe, domin jan ƙarfe ya fi ƙarfen bututu taushi, zai ɗauke tsatsar bai karce abin da ke ƙasa ba. Akwai kuma wata dabara da na fi so a kan tsofaffin bindigogi: a wanke maiƙon sarai, a tafasa ƙarfen a ruwa mai tsabta na minti 15 zuwa 20, sai jar tsatsar ta juye ta zama baƙa, a goge ƙurar da ta rage da soso mai laushi, a shafa mai. Sau da yawa bayan an yi haka mai bindiga yakan ga babu sauran dalilin cire komai. Ka gwada wannan tukuna. Idan bai gamsar da kai ba, babu abin da ka rasa.

Idan ka tsaya a kan cirewa, to ka tabbatar da irin abin da ke kan bututun, domin ba kowane baƙi ne rini ba. Yawancin bindigogin masana'anta na zamani an rina su ne da zafi, wato an tsoma su a ruwan kostik soda da gishirin naitiret da ke tafasa a wajen digiri 140 na ma'aunin Salshiyas. Tsofaffi da masu baki biyu galibi an yi musu rinin tsatsa, wanda ake barin ƙarfe ya yi jar tsatsa da gangan sannan a tafasa shi, a maimaita. Akwai rinin sanyi na cikin kwalba, mai sinadarin siliniyam da jan ƙarfe, wanda ake ɗinke ƙananan tabo da shi. Waɗannan ukun duka asid mai sauƙi yana ɗauke su. Amma idan fuskar bututun toka-toka ce mai ɗan kaushi irin ta bindigogin soja, wannan rufin fosfet ne, idan kuma tana ɓarewa kamar ɓawo, fenti ne ko wani rufi irin Cerakote, kuma ruwan khal ba zai yi wa fenti ko Cerakote abin kirki ba. Ka kuma bi sassan da maganaɗisu. Duk inda bai kama ba, to ba ƙarfen bututu ba ne, mai yiwuwa alminiyam ne ko wani haɗi, kuma baƙinsa wata hanya dabam aka bi aka sa shi, don haka ka ware shi daga wannan aiki. Gwajin da ya fi kowanne sauƙi shi ne ka ɗiga khal a wurin da katako ke rufewa, bayan ka goge man wurin, ka jira minti 10. Idan wurin ya yi haske, rini ne.

Ba ka faɗa mini ko bindigar mai baki ɗaya ce ko mai baki biyu ba, kuma wannan ba ƙaramin bambanci ba ne. A yawancin tsofaffin masu baki biyu, bututun biyu da siririn ƙarfen da ke kwance a tsakaninsu sama da ƙasa an haɗa su ne da dalma da kuza, kuma a ƙarƙashin wannan siririn ƙarfe akwai rami da ido ba ya gani. Idan akwai ko da 'yar tsaga a likin, asid zai shiga ramin ya zauna, kuma babu wankin da zai fito da shi gaba ɗaya. An taɓa kawo mini wata wadda mai ita ya jiƙa ta ya yi mata aiki mai kyau a ido, bayan wasu watanni sai jan ruwa ya fara tsattsafowa daga gefen likin, tsatsa tana cin bangon bututun daga inda ba a iya kaiwa sai an ɓalle haɗin duka. Saboda haka irin wannan bututu ba a nutsar da shi a asid, shafawa ake yi kaɗan-kaɗan da tsumma ana gogewa nan take, ko kuma a bi shi da samfefa mai laushi kawai. Ga yadda za ka san lafiyar likin: ka cire bututun, ka rataye shi da zare, ka ƙwanƙwasa shi da ɗan katako. Idan ya yi ƙara mai tsawo kamar ƙararrawa, haɗin na nan daram. Idan ƙarar ta fito a dakushe ko da kakkarwa, likin ya saki, kuma wannan aikin mai gyaran bindiga ne tun daga farko. Ka kuma riƙe cewa ba a kai irin wannan bututu rinin zafi, domin kostik soda yana cin dalma, yadda yake cin alminiyam.

Shiri yana farawa da tabbatar da cewa babu harsashi a cikin bindigar, ka duba da ido ka kuma taɓa da yatsa, sannan ka fitar da harsasai daga ɗakin aikin gaba ɗaya. Ka ɗauki hoton kowane mataki yayin kwancewa don haɗawa ta zo maka da sauƙi, ka kuma yi amfani da sukuddireban da bakinsa ya cika tsagar kusa daidai, domin wanda bai dace ba yakan tauna kan kusar. Katako da roba da abin saiti da duk wani sifirin su koma gefe. Idan bututun irin wanda aka ɗaure da murɗi a jikin uwar bindigar ne, kada ka yi ƙoƙarin kwance shi, domin tazarar da ke tsakanin mazaunin harsashi da abin da ke tare shi daga baya an auna ta ne da ma'auni na musamman, kuma kuskure a wurin yana iya jawo fashewa. Ka bar su a haɗe ka shafa maganin a kan bututun kaɗai.

Daga nan sai wanke maiƙo, wanda mutane suka fi rainawa. Asid ba ya ratsa mai, don haka duk inda mai ya rage rinin zai tsaya, sai ka ga bututun ya fito dabbare-dabbare, mai aiki kuma ya ɗauka maganin ne bai isa ba ya ƙara lokacin jiƙo, wuraren da suka riga suka tuɓe su yi ta ciwuwa. Ka wanke da ruwan zafi da sabulun wanke kwano, ka bi da asiton ko sifirit a tsumma mai tsabta har sai tsumman ya daina canza launi. Alamar ya wanku ita ce ruwa ya shimfiɗu a jikinsa bai ɗaya, bai taru ɗigo-ɗigo ba. Daga wannan lokaci kada hannunka ya sake taɓa shi sai da safar roba. Sannan ka kare cikin bututun, wanda shi ne ran bindigar: ka shafa masa giris a ciki, ka toshe baki da gindi da toshiyar roba ko ta katako mai taushi wadda ta kama tsam. Cikin bututu da mazaunin harsashi an ƙera su ne a kan awo, kuma asid ɗin da ya zauna a ciki zai bar kaushin da zai riƙa kama datti, a mazaunin harsashi ma har ya sa kwanson ya riƙa maƙalewa.

Ga mai aiki a gida, farin ruwan khal shi nake ba da shawara, wanda asid ɗinsa kusan kashi 5 ne cikin 100. Dalilina shi ne yana aiki a hankali, yana ba mutum damar gani da tsayarwa. Ka sami bututun roba irin na ruwa wanda ya fi na bindigar tsawo da faɗi, ka rufe ƙasansa, ka tsayar da shi, ka rataya bututun bindigar a ciki da waya, ka cika da khal har ya shanye shi duka. Wannan shanyewar tana da muhimmanci, domin idan wani sashe ya leƙo waje, daidai inda ruwa ya haɗu da iska zai bar zobe a jikin ƙarfen wanda sai an sha wahala kafin ya goge. Ka riƙa fito da shi duk bayan minti 15 kana shafawa da soson ƙarfe mai laushi ko tsumma. Za ka ga baƙin yana saki yana bin tsumman, wani lokaci da ɗan launin ruwan ƙasa. Rinin sanyi yakan tafi cikin 'yan mintoci, na zafi yakan ɗauki rabin sa'a zuwa sa'a ɗaya ko biyu, gwargwadon irin ƙarfen da ɗumin wurin. Da zarar ƙarfen ya koma toka-toka bai ɗaya, aikin asid ya ƙare. Kada ka bar shi ya kwana. A farkon shigata sana'ar na bar wani bututu a khal tun daga magariba har safiya, na iske fuskarsa ta yi kaushi kamar an yayyafa mata yashi, kuma sai da na yi kwana biyu ina gogewa, ina cire ƙarfen da babu dalilin cire shi. Asid idan ya gama da rinin ba ya tsayawa, kan ƙarfen yake komawa. Garin asid ɗin sitirik, kimanin giram 50 a lita ɗaya ta ruwan ɗumi, yana yin wannan aiki daidai da khal, kuma ƙa'idarsu ɗaya ce.

Akwai magungunan da aka yi don wannan aiki, irin Blue & Rust Remover na kamfanin Birchwood Casey da kuma Naval Jelly, waɗanda ƙarfinsu daga asid ɗin fosforik yake. Amfaninsu shi ne ana shafa su da buroshi ko auduga a daidai inda ake so, cikin mintoci kaɗan su gama, don haka su suka fi dacewa da bututun da ba a iya nutsarwa. Aibinsu shi ne idan suka bushe a kan ƙarfe sukan bar wani siririn rufi mai launin toka wanda ke hana sabon rini kamawa daidai, sai an goge shi da samfefa. Ka riƙa yin tsawon taƙi ɗaya a lokaci guda, kana wankewa kafin ya bushe. Evapo-Rust shi ma yana cire rini, ba shi da zafin asid, sai dai yana ɗaukar sa'o'i kuma yakan bar baƙar ƙura wadda ake gogewa da tsumma. Wanda nake hana ka shi ne asid ɗin haidirokulorik, wanda ake wanke siminti da tayil da shi. Gaskiya ne yana ɗauke rini cikin daƙiƙoƙi, amma saurin nan shi ne matsalarsa, domin kafin ka ankara ya shiga ƙarfen. Tururinsa yana sa duk kayan ƙarfen da ke ɗakin su yi tsatsa, abin da ya rage daga gare shi a ƙananan ramuka yakan ta da tsatsa bayan an gama aiki, kuma iskar haidirojin da yake saki tana iya shiga ƙarfe mai tauri irin sifirin da fil, ta sa su karye ba zato. Ko da wane magani za ka yi aiki, ka sa tabarau na kariya, ka tsaya inda iska ke wucewa, idan za ka sirka sai ka zuba asid a cikin ruwa, kada ka zuba ruwa a cikin asid, kuma kada ka bari wani asid ya haɗu da ruwan bilic, domin haɗuwarsu tana fitar da iska mai guba.

Mintocin da ke biyo bayan fitowa daga asid su ne mafi hatsari ga bututun, domin yanzu tsirara yake, kuma a wuri mai danshi za ka iya ganin ja-ja ta fara hawa kansa kana tsaye. Saboda haka ka tanadi komai tun kafin ka fara. Ka ɗauraye shi da ruwa mai yawa, ka tsoma shi a ruwan da aka narkar da bekin soda, kamar cokali 2 ko 3 a kowace lita, don ya kashe sauran asid, kana bin rubutu da lunguna da tsohon buroshin haƙori. Sannan ka kwarara masa ruwan zafi sosai, domin ƙarfen da ya ɗauki zafi yana busar da kansa cikin ɗan lokaci. Ka cire toshiyar nan take ka duba ko wani abu ya ɓuɓɓuga ciki, ka share cikin ka sa masa sabon mai. Idan ba a ranar za ka ci gaba ba, ka shafe wajen ma da mai, ka sake wanke shi ranar da za ka koma aiki.

Yanzu ne za ka ga ainihin halin ƙarfen, kuma a nan ne samfefar da aka ba ka shawara take da wuri. Sabon rini ba ya cike rami kuma ba ya ɓoye karce, hasali ma yana ƙara fito da su, don haka kyan aikin duka a gugar nan yake. Idan fuskar lafiyayya ce, ka fara da samfefa mai lamba 320 ka ƙare da 400 (gwargwadon girman lamba, gwargwadon laushin samfefar), kana ɗan jiƙa ta da mai. Idan akwai ƙananan ramukan tsatsa, za ka iya saukowa zuwa 220 a wurin, amma kada ka tsaya kana haƙar wuri ɗaya, domin za ka mayar da ɗan rami ya zama kwari mai faɗi wanda haske zai tona shi daga nesa. Ka baza gugar a kan tsawo mai yawa. A koyaushe ka naɗa samfefar a kan wani abu mai tauri, guntun katako ko roba mai ƙarfi, domin yatsa yana da taushi, yana nutsewa cikin haruffa ya kwantar da gefensu, yana kuma mulmule kusurwar da ya kamata ta kasance da kaifi. A wurin da bututu ya zagaye, ana yanka samfefar siririya a riƙe bakinta biyu a ja ta gefe da gefe kamar mai goge takalmi, ana juya bututun, sannan a bi shi a tsaye daga gindi zuwa baki. Amfanin canza fuska tsakanin lamba da lamba shi ne ka ga lokacin da karcen lambar baya ya ɓace, kuma ba a wucewa gaba sai ya ɓace. Gugar ƙarshe ta bi tsawon bututun. Idan rinin tsatsa za ka yi, kada ka wuce 400, domin fuskar da ta yi santsi kamar madubi ba ta karɓar maganin da kyau.

Injin guga mai juyawa shi ne ya fi lalata bindigogi a hannun wanda bai ƙware ba. Daga nesa ake gane aikinsa: haruffa sun yi kamar an ja musu wutsiya, ramukan kusa sun zama kwano, bututun kuma idan ka hange shi ta tsawo sai ka ga yana igiya-igiya. Ka bar shi. Haka kuma kada wuta ta kusanci bututun da sunan ƙona launi, domin zafi mai yawa yana canza taurin ƙarfe kuma yana narkar da liki. Feshin yashi ko na ƙwayoyin gilashi yana tuɓe rini da sauri, amma yana barin fuska marar ƙyalli, ya fi dacewa idan fenti ko rufin fosfet za a yi a kai.

Akwai wurare uku da samfefa ba ta da hurumi a kansu. Na farko lambar shaidar bindigar, wadda goge ta ko dusar da ita laifi ne a dokokin yawancin ƙasashe, ko da kuwa ba da niyya aka yi ba. Na biyu hatiman gwaji, ƙananan tambura da ake bugawa kusa da gindin bututu bayan an gwada shi da harsashi mai ƙarfin da ya wuce na kullum. Gidan gwajin bindigogi na Bamingam a Ingila tun 1813 yake wannan aiki, kuma waɗannan tambura su ne shaidar cewa bututun ya ci jarrabawa a kaurin da yake da shi a ranar. Na uku leɓen bakin bututu, inda harsashi ke rabuwa da ƙarfe, wanda idan ya karkace ko kaɗan saitin bindigar ya ɓaci. A waɗannan wurare ka bar magani ya yi aikin, ka bi da soso mai laushi kawai. Batun kauri kuma ina so ka ɗauke shi da gaske. Bututun bindigar da ke harba ƙananan ƙwayoyi, bangonsa a wasu wurare bai kai milimita 1 ba, don haka ramin da farcenka ke maƙalewa a cikinsa ba abin da za ka bi da guga ba ne har ya ɓace. Irin wannan sai an auna kaurin bangon da ma'auni a wurin mai gyaran bindiga, shi zai ce ko bututun yana da sauran ƙarfen da za a taɓa, ko ma yana da sauran lafiyar harbi.

Kada ka fara tuɓewa sai ka san abin da za ka mayar, kuma kayansa suna hannunka. Rinin zafi aikin masu tanki da kayan kariya ne, ba na gida ba, domin ruwan kostik mai tafasa yana ƙona fata har ƙashi kuma yana makantarwa. Rinin sanyi na kwalba yana da kyau ga kan kusa da ɗan karce, amma a kan bututu sukutum yakan fito da shaci-shaci, ba ya daɗewa, kuma sinadarinsa guba ne da ba a so ya taɓa fata. Wanda ya dace da mai haƙuri a gida shi ne rinin tsatsa: a shafa maganin siriri, a rataye bututun a wuri mai danshi har ya yi ja bai ɗaya, a tafasa shi a ruwa mai tsabta ya koma baƙi, a goge ƙurar da soson da aka wanke masa mai, a maimaita kamar sau 5 zuwa 10 har launin ya cika, sannan a jiƙa shi da mai ya kwana. Yana cin kwanaki, amma shi ne ya fi jure riƙo da gumi, kuma shi ne wanda ba ya cutar da likin dalma.

Game da bindigarka, abin da zan yi da a hannuna take shi ne in fara da mai da soso mai lamba 0000 da tafasawa, in duba abin da ya rage. Idan tsatsar ta tsaya a sama kuma launin da ya saura ya kai rabi, zan shafa mai in bar ta haka. Idan launin ya ƙare da gaske kuma mai baki ɗaya ce, zan toshe ta, in jiƙa a khal ina dubawa duk minti 15, in kashe asid ɗin, in goge da hannu zuwa 400, in fara rinin tsatsa a ranar. Idan kuwa mai baki biyu ce, ko ka sami ramin da ke kama farce, ka aiko mini da hoton tamburan da ke ƙarƙashin bututun da na wurin ramin kafin ka sa mata komai.